Shuɗiyar Ƙofar Maman Ladi

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kin sauka Jos lafiya, kin samu ɗaki, kin ci abinci mai zafi. Allah ya tsare ki a masaukinki, ya haɗa ki da abokan zama na gari, ya sa malamanki na makarantar fim su zama masu tausayi. Na san sanyin garin zai sa ki nemi rigar sanyi tun ranar farko, shi ya sa na sa wannan takarda a ƙarƙashinta. Kusa da ita akwai wani abu a naɗe cikin tsohuwar hulata. Kada ki kwance shi sai kin gama karantawa.

Kin san ba na iya doguwar magana da ke ido da ido. A lokeshan, wurin ɗaukar fim, ina iya yi wa mutum talatin tsawa su nutsu, amma ke da kika ci sunan mahaifiyata, da na ɗaga kai na kalle ki sai maganar ta gudu. Don haka na rubuta.

Sati biyu da suka wuce kina gyara akwatin ƙarfe na ɗakina, kika tsinci ƙaramin kaset ɗin kyamara, wanda muke kira masta, wato uwar da ake kwafar fim daga gare ta. Kika ce, "Baba, wannan ba shi ne fim ɗin nas ba? Kowa yana cewa duk fina-finanka babu kamarsa. Me ya sa ba a kallonsa a gidan nan? Ka ba ni in tafi da shi, in nuna wa malamaina aikin babana." Na ce miki zan yi tunani. Na yi tunanin, Ummi, har kaina ya yi ciwo, kuma ban tabbata na samu amsa ba. Zan gaya miki abin da ya faru, wataƙila kafin in kai ƙarshen takardar in gane abin da ya kamata in ce.

Gidan da yake kallon namu, mai jar ƙofa yanzu, a da ƙofarsa shuɗiya ce. Wata nas ce a ciki, Rifkatu, mutuniyar Filato, muna kiran ta Maman Ladi. Mijinta Malam Yohanna malamin makaranta ne. Duk layinmu babu gidan da bai ci amfaninta ba. Tsofaffi suna zuwa awon jini, mata suna kai yara ta duba musu zazzaɓi. Ranar da za a haife ki ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, titi ya cika, babu abin hawa. Ita ce ta tsallako da lema ta karɓi haihuwarki a ɗakin Mamanku. Hannunta ne ya fara taɓa ki a duniya. Ni kuwa ba ta taɓa kira na da sunana ba. Da ta hango ni sai ta ce, "Darakta! Yau wa za a kashe a fim?"

Kuskurena na farko shi ne yin fim babu rubutu. A lokacin haka yawancinmu muke aiki. Labarin yana kan darakta, da safe ya tara 'yan wasa a gindin bishiya ya ce, ke kaza ce, kai kaza ne, ga abin da zai faru, kowa ya nemo maganarsa. Ina da labarin wata nas da take kwaso maganin da ya lalace tana sayar wa maƙwabta a gida, har yaron wata ya mutu. A bakin wani direba na ji shi, ya ce a wani gari aka yi. Ina neman gidan da zan ɗauka, sai na tsallaka titi.

Na ce, "Maman Ladi, aron gida na zo, kwana huɗu kawai. Fim ne na wata nas."

Ta yi dariya har da tafa hannu. "Nas? To Darakta, ka sa ta yi kyau. Kullum ku 'yan fim sai ku ɗaura wa nas hula kamar mai tuyar ƙosai."

Ba ta tambaye ni wace irin nas ba ce, ni ma ban faɗa ba. Ba zan ce ɓoye mata na yi ba, domin ni kaina ban gama sanin ƙarshen labarin ba a ranar. Amma kuma ba zan ce ban ɓoye ba, domin na san nas ɗin muguwa ce. Har yau in na zauna ina auna wannan, ba na iya raba su. Abin da zan ce miki shi ne, ki rubuta labarinki tun daga farko har ƙarshe kafin ki ƙwanƙwasa ƙofar kowa. In kin je aron gida, ki zauna ki karanta wa masu gidan duka, har wurin da kike jin kunyar karantawa. Musamman ma wurin.

Kuskure na biyu shi ne aro. Mu masu fim na ƙashin kanmu ba mu da kamfanin da zai gina mana ɗaki ko ya ɗinka mana kaya. Komai aro ne: gida, mota, kujera, har jariri. Jarumar ta zo ranar farko babu farar riga, sai Maman Ladi ta shiga ɗaki ta ɗauko tata, ta goge ta da kanta, ta gyara mata hular. Ta ba mu akwatin awon jininta. Ta dafa wa ma'aikata gwate, har yau Dogo, mai ɗaukar hotona, yana zancen gwaten nan.

A bangon falonta akwai hotonta na ranar gama makaranta, tana sanye da fararen kaya. Dogo ya leƙa kyamara ya ce, "Darakta, hoton nan fa yana fitowa. A sauke shi?"

Na ce, "Bar shi, shi yake ba wa ɗakin rai."

Da muka zo ɗaukar waje ya sake cewa, "Ko mu je Darmanawa mu ɗauki wata ƙofar? Wannan shuɗin ya yi fice da yawa."

Hadari yana haɗowa, haske yana tafiya, jarumar tana cewa tana da wani aikin gobe. Na ce, "Dogo, wa zai tsaya kallon ƙofa? Ɗauka kawai."

Sau bakwai ƙofar ta fito a fim ɗin. A gabanta uwar yaron ta faɗi tana kuka da gawar ɗanta a hannu. Ummi, ki saurari mai ɗaukar hotonki. Idonsa yana cikin kyamara, naki yana kan agogo. Kuma ki sani mutanenmu ba sa kallon fim kamar yadda malamanki za su koya miki. Su suna neman abin da suka sani ne a ciki. Kafin su ji abin da jaruma take faɗa, sun riga sun ce, kai, wannan ai layin su wane ne.

Fim ya fita kina da shekara biyu. Ya karɓu fiye da duk abin da na taɓa yi. In na bi ta Zoo Road, inda ofisoshin 'yan fim suke, sai a riƙa ɗaga mini hannu daga benaye. Sati bai cika ba magana ta fara yawo a unguwa cewa labarin Maman Ladi ne, wai na san sirrinta ne na tona ta hanyar fim. Ga ƙofarta, ga rigarta, ga hotonta a bango, me ya rage? Tsofaffi suka daina zuwa awon jini. Wata mata da Maman Ladi ta yi wa jinyar ɗa wata guda ta aiko a tambaya wane irin magani aka ba shi. Yara suka riƙa bin Ladi, 'yarta, a hanyar makaranta suna kiran ta 'yar mai maganin mutuwa. A wurin aiki ma aka kira ta aka yi mata tambayoyi. Ba a same ta da komai ba, amma kiran da aka yi ya ishi masu magana.

Kuskure na uku, wanda ya fi ba ni kunya, shi ne na ji daɗi. Ba daɗin wahalarta ba, Allah ya sani. Daɗin ana maganar fim ɗina. Na je wurin Alhajin da yake sayar mana da kaset a kasuwa, na ce masa ina cikin damuwa, maƙwabciyata ta shiga uku saboda ni.

Ya ce, "Darakta, kai yaro ne? Surutu ai talla ne. Ka bar su su yi ta yi. Yaushe za ka kawo na biyu?"

Na fito daga shagonsa zuciyata ta yi sauƙi, domin na samu wanda ya faɗa mini abin da nake so in ji. Ki kiyayi irin wannan sauƙin. In kina neman shawara a kan wanda kika cuta, kada ki je wurin mai cin riba da cutar.

Amma ga inda kaina yake ɗaurewa. A cikin kwanakin nan wata mata ta tare ni a kasuwar Tarauni, ta riƙe mini riga tana hawaye. Ta ce saboda fim ɗina ta sa aka duba mata kwanan watan da yake jikin maganin ɗanta, aka ga ya daɗe da lalacewa. Ta yi ta sa mini albarka har mutane suka taru. To ki gaya mini, Ummi, da ban yi fim ɗin ba fa? Wani lokaci ina cewa aikin alheri na yi ta hanyar da ba ta dace ba. Wani lokaci ina cewa zalunci na yi, Allah ya fitar da alheri a ciki ba da sanina ba. Akwai ranakun da nake tuna yadda haske ya sauka a kan shuɗiyar ƙofar nan kafin ruwa ya sauko, in ji a raina ban taɓa ɗaukar hoto mai kyau kamarsa ba, sai in yi istigfari. A nan ba ni da shawarar da zan ba ki. Shekara goma sha takwas ina juya maganar, ban ga bakinta ba.

Kuskure na huɗu shi ne wanda ya kore ta. Wata Talata da azahar ta hawo benen ofishina. Ba ta ce Darakta ba. Ta ce, "Baban Ummi, ban zo faɗa ba."

Na miƙe ina cewa a kawo mata ruwa, ta ce a bar shi.

"Abu ɗaya nake roƙo. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci, mazan layi duk suna tsayawa a wurin tela. Ka zo ka tsaya a ƙofar gidana ka faɗa da bakinka cewa ba ni ba ce. In ni na faɗa ba za su yarda ba. In Baban Ladi ya faɗa za su ce mijina ne. Kai ne ka yi, kai za su ji."

Na ce, "In sha Allahu, wannan ai mai sauƙi ne."

Juma'a ta zo na ce ina da ɗauka a bayan gari. Da gaske ina da ita, amma ni na sa ranar. Tsoro nake ji, Ummi. Ina ganin in na tsaya a gaban mutane na ce na yi kuskure, girman da na samu zai zube. Sai na nemi dabara irin ta 'yan fim. Na sa aka ƙara rubutu a farkon sabon kwafi cewa wannan labari ƙirƙira ne, bai shafi kowa ba. Wa yake karanta rubutun farkon fim? A lokacin ake zuba abinci, ana neman wurin zama. Juma'a ta biyu na aika Mamanku da dambun nama. Maman Ladi ta karɓa ta yi godiya, ta ce, "Baban Ummi yana ina?" Mamanku ta dawo ba ta yi mini magana ba kwana biyu.

Malam Yohanna ya sayo fenti ya mayar da ƙofar ja. Mutane suka ce, kun gani, suna ɓoye shaida. Bayan Juma'a ta uku ya nemi canjin wurin aiki. Ranar da motar kaya ta zo ina cikin ɗaki, ina leƙe ta labule. Ke kina hannun Maman Ladi, kin riƙe mata wuya kina kuka sai kin bi ta. Ta ɓamɓare yatsunki ɗaya bayan ɗaya, ta miƙa ki ga Mamanku, ta ce, "Ki gaya wa Darakta na jira Juma'a uku."

Shawarata a nan gajeriya ce. Abin da aka ce ki faɗa da bakinki, ki faɗa da bakinki. Rubutu ba ya tsaya miki, aike ma ba ya tsaya miki.

Tun daga nan na rufe masta ɗin a akwati, na biyun da Alhaji yake nema kuma ban yi ba. Kasuwar kaset ta mutu, ta faifai ma ta bi ta, yanzu kowa a waya yake kallo, mu ma muka koma yin fina-finai masu dogon zango. Kin tashi kin ga ina yawo da bokitin fenti da labule a bayan mota, kin ji ana tsokana ta da Darakta mai fenti. Kin taɓa tambaya ta dalili na ce miki don hoto ya yi kyau ne. Ba haka ba ne. Duk gidan da na ara sai na canza launin ƙofarsa kafin ɗauka, in mayar bayan an gama, in sauke duk hoton da yake bango. Yaran yanzu suna cewa ina ɓata lokaci. Wataƙila suna da gaskiya. Wataƙila ma ba don masu gidan nake yi ba, don kaina nake yi. Wannan ma ban sani ba.

Kuma ban sani ba ko daidai na yi da na bar ki kika zaɓi wannan sana'a. Ranar da takardar makarantar ta zo na yi murna har na kira Dogo a waya, da na ajiye wayar kuma sai na ji kamar in ɓoye takardar. Ina so ki fi ni iya fim. Ina kuma tsoron ki iya, domin ni ranar da na fi iyawa ita ce ranar da na fi ɓarna.

Yanzu maganar kaset. Abin da yake cikin hular shi ne. Da na fara wannan takarda niyyata in ce miki ki kai wa Maman Ladi. Tana nan Jos, ta yi ritaya. Mamanku ta samo kwatancen gidanta a wurin wata 'yar cocinsu da take zaune a Babban Giji, na rubuta miki shi a wata 'yar takarda daban. Na so in ce ki miƙa mata, ki ce babana yana neman gafara. Har na rubuta hakan a takardar farko. Da na karanta wa Mamanku sai ta kalle ni ta ce, "Wato dambun nama ne kuma, wannan karon da 'yarka za ka aika?" Na yaga takardar.

Don haka Juma'ar da ta wuce, da aka sauko daga masallaci, na je na tsaya a gaban jar ƙofar. Ke kina kasuwa da Mamanku kuna sayayyar tafiya. Na ɗaga murya na ce, jama'a, ina da magana. Mutum goma sha wani abu suka tsaya, yawancinsu samari ne da ba a haifa ba ko suna goye lokacin da abin ya faru. Na ce nas ɗin da ta zauna a gidan nan, Maman Ladi, ba ta taɓa sayar wa kowa lalataccen magani ba, ni ne na ari gidanta da rigarta ban gaya mata labarin ba. Wani yaro ya ce wa abokinsa, "Ɗauka ake yi? Ina kyamarar?" Mai gidan na yanzu ya leƙo yana tambaya ko lafiya. Sai tsohon telan nan, Malam Garba, ya cire zare daga bakinsa ya ce, "Darakta, ai mu mun daɗe da ganewa. Waɗanda ya kamata su ji, rabi sun tashi, rabi suna kabari. Ita ka faɗa wa?"

Na dawo gida ban san ko na sauke nauyi ba ne ko na ƙara. Amma tambayarsa ta ba ni amsar taki tambayar ta kaset.

Ba zan ce ki nuna wa malamanki fim ɗin ba, kuma ba zan ce kada ki nuna ba, domin ba nawa ba ne ni kaɗai. Ƙofarta ce a ciki, da rigarta, da fuskarta a bango. Ki ajiye shi a naɗe yadda yake. In kin huta, ki je gidanta ranar Asabar da hantsi. Ki je a matsayin yarinyar da ta karɓi haihuwarta, ki gaishe ta, ki gaida Malam Yohanna. Kada ki ba da haƙuri a madadina ko da kalma ɗaya, wannan ba aikinki ba ne. Tambaya ɗaya za ki yi mata: in babana ya zo, za ki buɗe masa ƙofa? In ta ce e, zan hau mota a satin, mu je tare da kaset ɗin, in faɗa mata da bakina, in ajiye shi a gabanta. In ta ce a ƙona, ni zan ƙyasta ashanar. In ta ce ki nuna, sai ki nuna, ki kuma ba malamanki wannan labarin tare da shi. In kuma ta ce kada in zo, ki faɗa mini yadda ta faɗa, kada ki rage komai don ki tausaya mini.

Na san ki, Ummi. Kina jin labarin nan kin fara ganin fim a cikinsa, domin ni ma da haka zan yi. Ki bar kyamara a ɗaki ranar da za ki je.

Allah ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin baki, ya tsare mutane daga sharrin abin da za ki ɗauka. Ya ba ki ilimi mai amfani, ya dawo mana da ke lafiya. Ki riƙe salla, ki riƙa kiran Mamanku ko ba ki da abin faɗa. Ƙannenki suna gaishe ki, Dogo ma ya ce a gaida sabuwar darakta.

In kin isa gidan, kada ki ɗauki hoton ƙofarta ki turo mini a waya. In ta yarda, zan zo in gan ta da idona.

Wassalam,
Babanki.